Hatimi Goma Sha Biyu da Keken Injiniya Tanimu

Keken Injiniya Tanimu nauyinsa kilo bakwai ne da rabi. Ban taɓa ɗora shi a sikeli ba, amma ya faɗa mini sau da yawa har na yarda don in huta. Keken ba kwando, ba kariya, ba ƙafar jingina, ƙararrawar ma ya cire, wai tana ƙara nauyi. Sirdinsa kuwa, da a kicin na tsince shi, da na ɗauka abin yanka albasa ne.

Injiniya mutumin ƙasarmu ne. Shekararsa biyu a Japan yana sayen tsofaffin taraktoci yana turawa gida. Inda ya karanto injiniyancin ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ni kuwa shekarata goma sha bakwai a Kurumidani, ƙauyen matata, gida goma sha biyu a warwatse cikin kwari, kuma har yau in an ce "baƙon nan" ni ake nufi.

Abin da ya kawo shi ƙauyenmu gida ne. A birni an ba shi zuwa ƙarshen wata ya tashi, saboda ya ajiye tarakta biyu a wurin ajiye motar maƙwabta, ya ce musu ai duk taya huɗu ne. Mu kuwa akwai gidan marigayi yayan Kaka Fusae, wata tsohuwar ƙauyenmu, shekara shida a rufe, da rumfa mai cin tarakta shida da gona a bayansa. Kaka Fusae tana son ta ba shi. Ɗanta Shigeru, da ke Osaka, yana son a rushe. Ya ce zai zo ranar Lahadi a motar sha biyu da takardun masu rusau, sai dai in an nuna masa a rubuce cewa duk unguwa ta yarda da baƙon.

Ranar Juma'a na raka Injiniya wurin mai unguwa, Onodera-san, tsoho mai magana kamar ana sayar masa da ita.

"Sai allo ya zaga," in ji shi.

Allon nan shi ne jaridarmu. Ana maƙala masa takarda, kowane gida su karanta, su buga hatiminsu, su miƙa wa maƙwabci.

"Kwana nawa yake yi?" in ji Injiniya.

"Goma. In Genzo bai mance shi a kan firij ba."

"Kwana goma! Gida goma sha biyu? Onodera-san, kilomita nawa ne duka kwarin?"

"Goma sha ɗaya. Da hawan dutse."

Injiniya ya yi dariya har ya dafa ni. "Ni da nake cin kilomita ɗari kafin in karya? Ba ni allon. Ni zan kai shi gida-gida da kaina."

"To, fara gobe Asabar."

"Me zan yi da yini guda cur? Lahadi ƙarfe takwas. Kafin goma na dawo, na yi wanka, ina zaune ina jiran ɗan Osaka."

Onodera-san ya leƙa waje ya daɗe yana kallon keken da aka jingina da bango.

"Ba kwando," ya ce.

"Kwando ai na masu zuwa cefane ne."

"Haka ne," in ji Onodera-san, ya nuna ni. "Iro-san zai raka ka, ya nuna maka gidajen."

Ranar Lahadi ya iso cikin farar riga da wando masu kama jiki, irin waɗanda ba sa rufa wa mutum asiri, da hular kwano mai tsini, da takalma masu ƙarfe a ƙasa waɗanda ke maƙalewa a feda. Ƙarshen Agusta ne, shinkafa ta fara sunkuyar da kai, ƙwarin bishiya suna ta ƙara tun da sassafe, zafin kuma irin mai ɗanko. Na fito da tsohon keken matata, kwandonsa ɗauke da babban kwali a ɗaure.

"Malam Iro, kada ka taɓa mini komai yau," ya ce. "Kada gobe a ce an taimake ni."

"Na ji. Shawara ɗaya dai: kada ka yabi komai mai ganye."

"Haba Malam! Ka daɗe a nan amma ba ka yi karatu ba. Littafi guda na haddace kan ɗabi'ar mutanen nan. Shafi na farko, yabo. Shafi na biyu, in an ba ka, karɓa da hannu biyu."

Wanda ya rubuta littafin ina jin a watan Janairu ya zo, lokacin da sanyi ya hana lambu yin komai. A Kurumidani kowane tsoho yana shuka lambu kamar har yanzu 'ya'yansa takwas na gida. 'Ya'yan sun koma birni tuntuni, amma ba wanda ya sanar da kokwamba. In Agusta ya yi nisa, mutum yakan ga maƙwabciyarsa tafe da leda ya tuna yana da aiki a bayan gida. Aminai sukan gaisa daga nesa, hannuwa a aljihu.

Hatimin gidana da na Onodera-san minti biyar suka ci.

"Saura goma," in ji Injiniya. "Ka riƙa duba agogo, don za a tambaye ka."

Gida na uku na Kaka Tokiko ne. Ya sauka yana tafiya ƙwas-ƙwas a kan siminti kamar akuya, ya ɓata minti uku yana kwance takalma a zaure. Ta kawo mana shayin sha'ir mai sanyi, ta shiga neman hatimi. Ta duba akwatin magani, ta duba gwangwanin biskit, ta same shi a aljihun rigar da ke jikinta. Ta buga. Da ya tashi a nan, da shi ke nan. Sai ya leƙa ta taga.

"Kaka, wannan kokwamba taki ce? Wallahi tun da na zo ƙasar nan ban ga mai kyaunta ba!"

Kaka Tokiko ta dube ni. Na dubi rufin ɗaki.

"Kana ci?" ta ce a hankali, kamar mai tsoron kada ta farka.

"Ci? Ni ai in ba kokwamba ba na barci."

Guda ashirin da huɗu ta ba shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya rataya ledar a kan keke. Ba mu kai bakin hanya ba na ji ta tana danna waya.

Kaka Haruno, gida na huɗu, a ƙofa muka tarar da ita, hatimi a hannun dama, leda a hagu, shayi a kan dakali.

"Sannu da zuwa, Tanimu-san. Waɗannan na Tokiko ne? Ayya. Ruwa ne zalla, ba ta san taki ba. Ga yalo, ka ji yadda abin lambu yake."

"Kaka, an gode, sai dai keken..."

"Ai don keken ne. Dubi yadda ya karkace gefe ɗaya. Rataya wannan a ɗaya hannun ya daidaita."

Injiniya ya juyo gare ni. "Ka ji ilimi? Tsohuwar nan ta san lissafin nauyi."

"Ta sani," na ce.

Daga nan wayar ta riga mu gudu. Keke mai kilo bakwai da rabi yana da sauri, amma bai kai tsohuwa da ta ji labari ba. A gida na biyar aka cusa masa masara a aljihunan bayan riga har ya yi kama da zakara. A na shida aka rataya masa garahuni a wuya, irin nasu manya masu ƙuraje. A na bakwai, gidan Mori, aka kawo kankana, aka rasa inda za a sa, sai matar gidan ta ɗauko zanen goyon jikanta ta goya masa ita a baya, ta ɗaure a ƙirji, ta ɗan bubbuga ta kamar za ta yi kuka. Kowane gida kuma da shayinsa, kuma shafi na biyu bai ware shayi ba.

A kan gada wata 'yar farar motar ɗaukar kaya ta sha gabanmu. Wata mata da ban taɓa gani ba ta fito da buhun kuɓewa.

"Baiwar Allah, ke ai ba 'yar unguwar nan ba ce," na ce.

"Daga Shimoda nake. An ce mini akwai mai karɓa."

"Ba mu da wurin hatiminki."

"Wa ya yi maganar hatimi?"

Ƙarfe goma ta wuce, lokacin da ya kamata a ce yana wanka. Wankan dai yana yi, na gumi. Gwiwoyinsa na bugun leda dama da hagu, kankana na tura hular kwano tana rufe masa ido. Ya rage gudu har na iso kusa da shi.

"Malam Iro, wannan kwandon naka..."

"A cike yake, ga kwali kana gani. Kuma ka ce kada a taimake ka."

"Ni na ce a taimake ni? Tambaya na yi. Wannan ai motsa jiki ne. A Turai da gangan ake ɗaura wa masu tsere buhun yashi."

"Kankana fa?"

"Wasu ƙasashen."

Bayan gida na tara, kofi tara na shayi suka nemi haƙƙinsu. Na ce ya roƙi masu gida na gaba su nuna masa bayi. Ya ce shi ba zai shiga gidan mutane ran farko ya nemi bayi ba, littafi bai ce haka ba. Ya jingina keke da ni, ya nufi bayan wata gona inda ciyawa ta yi tsawo, kankana a baya.

"Injiniya, akwai wayar lantarki a nan."

"Na gan ta. Ta aladen daji ce, da dare kaɗai ake kunna ta. Ni za ka koya wa lantarki?"

Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka. Wandon nan nasa sharkaf yake da gumi. Ƙarar da ya yi ta sa ƙwarin bishiya suka yi shiru na ɗan lokaci, abin da ban taɓa ji ba a watan Agusta. Wani tsoho ya ɗago kai daga cikin shinkafa, ya cire malafa.

"Ashe tana aiki," ya ce. "Na gode ƙwarai. Tun jiya nake shakka."

Ya ba shi tumatir.

Sha ɗaya da minti goma muna da hatimi goma sha ɗaya. Saura na Tsoho Genzo, can ƙolin dutse, kilomita uku na hawa, hanyar ta bi cikin dajin gora tana lanƙwasa. A kwana ta biyu Injiniya ya sa giyar ƙarshe. A ta uku ya nemi wata giyar bai samu ba. A ta huɗu ya sauka, wai yana son ya duba yadda aka zuba kwaltar. Takalman ƙarfe suka riƙa zamewa, sai ya cire su ya rataya a wuya tare da garahuni, ya ci gaba da turi da safa. Ledar Kaka Tokiko ta huje. Duk taku goma kokwamba ɗaya ta faɗo ta kwanta a tsakiyar hanya.

"Kana zubar da kaya," na ce.

"Bar su. Allah ne ya kawo sauƙi."

Na ji motsi a cikin gora. Na ci gaba da tura kekena, tunda shawarata ta safe ma ba ta yi kasuwa ba.

Tsoho Genzo maharbi ne a da, shekararsa tamanin da bakwai, kuma bai taɓa yarda da baƙo ba. Ni sai da na shekara tara kafin ya daina tambayar matata yaushe zan tafi. Muka tarar da shi zaune a baranda, hatimi a gabansa, a gefensa kuma wani abu a rufe da bargo.

"Kai ne mai son gidan?"

"Ni ne, Genzo-san. Injiniya Tanimu, mai..."

"Kana cin kabewa?"

Ya janye bargon. Na ga kabewa a rayuwata, har a ƙasar nan. Wannan da za a fafe ta, da an yi wa yaro wanka a ciki.

A nan dai karatu ya ƙare wa Injiniya. Ya rusuna har kankana ta buga masa ƙeya.

"Genzo-san, na gode, na gode ƙwarai. Amma kaya sun yi yawa. Wani lokacin."

Tsohon ya ɗauki hatimi ya mayar cikin kubensa, ya rufe, ƙyas.

"Ka karɓi na Tokiko."

"Na karɓa."

"Ka karɓi na Haruno. Ka karɓi na Mori. Har na wata 'yar Shimoda da ba ta san sunanka ba. Nawa ne mai guba?"

"Ba haka ba ne..."

"Iro, wannan ɗan'uwan naka raina mutane yake?"

"Ba ɗan'uwana ba ne, Genzo-san. Jirgi ɗaya dai ke kai mu gida."

Injiniya ya dubi agogo, ya dubi kabewa, ya miƙa hannu biyu.

Tsohon da kansa ya ɗaure ta a kan hannun keke, da irin ɗaurin da yake yi wa alade in ya harbo. Allon kuma, da hatiminsa goma sha biyu cif, aka rasa masa wuri sai cikin ledar da aka mayar da masara, aka ɗora a kan kankana. Sha biyu saura kwata.

Da ya ga gangara a gabansa, sai bakinsa ya dawo.

"Malam Iro, duk abin da ka gani tun safe share fage ne. Nauyi a gangara riba ne, wannan kimiyya ce. Yanzu za ka ga abin da ake kira keke."

Ya sa takalma, ya maƙala su a feda, ƙyas, ƙyas, ya tafi.

Gaskiya ya yi gudu. Wannan ba zan hana shi ba.

A kwana ta biyu daga sama suke zaune, su wajen ashirin, kowanne da guntun kokwamba a hannu. Birai sun bi sawun abincin tun daga ƙasa, suna ci suna hawa, suna son su ga daga ina alherin yake fitowa. Sai ga shi ya taho da kansa, a kan taya biyu. Ya ratsa tsakiyarsu yana ihu da Hausa, yaren da ba su taɓa ji ba, amma sun gane masara. Suka juya suka bi shi, wasu ta kwalta, wasu ta kan gora.

Ni ina baya, ina riƙe da birki kamar mai hankali, kwarin duka a shimfiɗe a gabana. Sai lasifikar ƙauye ta yi gyaran murya, muryar matar Onodera-san ta cika duwatsu, a natse kamar kullum.

"Sanarwa ga jama'ar Kurumidani. An ga birai a hanyar dutse. Suna bin wasu kayan lambu da ke gangarowa. A fito da abin kora."

Abin kora 'yan rokoki ne na wasan wuta, kowane gida da nasa a bayan ƙofa. Dama jama'a sun hallara a gaban ɗakin taro don ganin ƙarshen lamarin. Na hango tsofaffi mata sun jeru a bakin hanya kamar sojoji, kowacce da kwalba da ashana. A daidai lokacin motar sha biyu ta tsaya, Shigeru ya sauko da baƙar kwat da jaka. Lasifika ta saki kiɗan tsakar rana.

Abin da Shigeru ya fara gani a ƙauyen haihuwarsa, bayan shekara uku, kabewa ce tafe da gudu, da ƙafafu biyu a ƙarƙashinta, da birai ashirin a bayanta, da uwarsa tana kunna roka.

Injiniya ya nemi birki. Birkin na nan, amma kabewa ta zauna a kansa. Ya nemi sauke ƙafa, takalma suka ce ai yanzu muka maƙale. Roka ɗaya ta wuce ta gefen kunnensa, ta biyu ta shiga buhun kuɓewa. An ce ta Kaka Haruno ce. Ita ta ce ta Tokiko ce. Ya wuce ɗakin taro, ya wuce motar, ya wuce Shigeru yana ce masa "Barka da zuwa!", domin ladabi bai bar shi ba har a nan, sannan hanya ta yi kwana shi bai yi ba.

Magudanar ruwan gonar Onodera-san ba ta da zurfi sosai. Ta dai isa.

Ko da na iso, an kewaye shi. Yana kwance rigingine cikin taɓo, keke a sama har yanzu maƙale da ƙafafunsa, taya na juyawa. Wani jan abu ya malale daga bayansa. Kaka Tokiko ta ɗora hannu a ka tana kiran a kawo motar asibiti. Kaka Haruno ta tsuguna, ta lakato, ta ɗanɗana.

"Kankana ce," ta ce. "Ta gidan Mori. Ba ta ma nuna ba."

Onodera-san ya shiga ruwan ya durƙusa, ya jiƙe har ƙugu, ya kwance masa takalma, aka jawo shi. Ba abin da ya karye. Kabewa ma lafiya lau, ta gangara ta tsaya a gaban Shigeru.

"Mama," in ji Shigeru, "wannan ne mutumin?"

"Shi ne," in ji Kaka Fusae. "Yaro mai ladabi."

"Ina takardar?"

Injiniya ya shafa bayansa. Ya sake shafawa. Sai Tsoho Genzo, wanda ya biyo mu a babur ɗinsa, ya nuna sama da haɓa. A kan rufin ɗakin taro wani ƙaton biri na zaune da leda. Ya ciro masara ya ajiye gefe. Ya ciro allo, ya juya shi, ya duba takardar daga sama har ƙasa, fiye da yadda yawancinmu muke dubawa. Sannan ya yage ta, ya ɗanɗana, bai ji daɗi ba, ya tafi da sauran cikin daji.

"Duk sun buga," in ji Injiniya. "Wallahi goma sha biyu. Malam Iro shaida ne."

"Na yarda," in ji Shigeru. "Amma ni takarda na ce, kuma ba zan bi biri in karɓo ba."

Ya ɗora jaka a kan kabewa ya fara buɗewa. Injiniya ya tsaya, taɓo na ɗiga daga haɓarsa, garahuni ɗaya ya rage a wuyansa. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba, kuma ban ji daɗin ganin yadda na zata ba. Nan da kwana huɗu ba shi da inda zai kwana, balle taraktocinsa.

Onodera-san ya matse ƙafar wandonsa, ya yi tari.

"Allo ya shiga kowane gida, doka ta cika. Takarda ce kawai ta ɓata. Kowa ya zo da nasa?"

Hannuwa suka shiga aljihu. Hatimi goma sha biyu suka fito, har da na gidana a hannun matata.

Injiniya ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Yaya aka yi kowa ya zo da hatimi?"

"Ni na ce su zo da shi. Tun ranar Juma'a."

"Tun Juma'a?"

"Na ga keken."

"To, Onodera-san, in dai za a iya bugawa a nan, me ya sa aka bar ni na zaga?"

Onodera-san ya dubi kayan lambun da suka watse a hanya.

"Bana lambu ya yi kyau," ya ce.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro takardar da ya tanada. Ta shiga ruwa tare da shi, ta zama kunu. Ya waiwaya yana neman abin rubutu, idonsa ya sauka a kan kwandona.

"Iro-san, ara mana kwalin nan. A juye kayan a ƙasa."

"Onodera-san, kayan ciki masu nauyi ne, bari in je gida in..."

Ya riga ya kwance igiyar. Ya tattara ƙarfi zai ɗaga, kwalin ya tashi sama kamar balan-balan, har ya kusa faɗuwa. Ya girgiza shi. Ya buɗe. Ya juya shi ƙasa. Ko ƙura ba ta faɗo ba.

Kaka Tokiko ta matso ta leƙa cikin kwalin.

"Iro-san," in ji Kaka Tokiko, "wannan ba shi ne kwalin bara ba?"

"Da na bara waccan," in ji Kaka Haruno. "Shekara nawa kana ce mini kwando a cike yake?"

"Goma sha ɗaya," in ji matata, wadda ba wanda ya tambaye ta.

Injiniya ya share taɓo daga idonsa, ya dube ni, bakinsa ya dawo gaba ɗaya. "Malam Iro! Ashe iska ka yi ta rakiya da ita tun safe? Ina hawan dutse da safa kana bayana da iska?"

"Ka ce kada a taimake ka."

A gefen kwalin Onodera-san ya rubuta yardar unguwa, aka shimfiɗa shi a kan kabewa, aka bi layi ana bugawa. Shigeru ya karanta sau biyu, ya nemi inda doka ta hana kwali bai samu ba, ya rufe jakarsa. Kafin ya kai bakin mota an cika masa hannu da yalo.

Tsoho Genzo ne na ƙarshe. Ya riƙe hatimi a sama bai buga ba.

"Da sharaɗi," ya ce. "Gonar da ke bayan gidan."

"Zan gyara ta, Genzo-san!" in ji Injiniya. "Ni ai noma a jinina yake. Shekara ɗaya, in cika kwarin nan da kayan lambu, kowane gida sai na..."

Tsofaffi goma sha biyu suka ja numfashi tare.

"Sharaɗin ke nan," in ji Genzo. "Ba za ka shuka komai ba. Ko ƙwaya ɗaya. Kai mai karɓa ne."

Aka ƙara wannan a ƙasan kwalin, Injiniya ya sa hannu.

Yana nan a gidan har yanzu, da taraktocinsa. A bakinsa biran sun kai ɗari, kayan sun kai kilo tamanin, kuma da gangan ya shiga magudana don ya ceci tsofaffi. Keken an gyara shi, Genzo ya ɗaura masa kwandon ƙarfe da hannunsa, da irin ɗaurin nan da ba ya kwancewa. Ban ƙara jin maganar kilo bakwai da rabi ba. Kwalina kuwa yana rataye a bangon ɗakin taro, ya zama takardar hukuma, ba a ara.

Jiya muka haɗu a kan gada, kowa na tura kekensa, kwanduna sun yi tozo.

"Malam Iro," ya ce, yana murmushi, hannunsa na shiga leda, "kana cin garahuni?"

"Injiniya," na ce, "ni ma gidanka na nufa."